Gadaje Uku na Ɗanyar Gora

Laraba, 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yau sati biyu ke nan da rufe kasuwa saboda annobar tarin nan da ta shigo ƙasa. Wannan littafin na awon kujeru ne, amma tunda babu kujerar da za a auna, bari in riƙa zuba masa surutu, ko na rage wa Sufeto ciwon kai. Sufeto matata ce. Ni na laƙaba mata sunan tun muna da ƙuruciya, domin ba abin da ke fita daga rumfar nan sai ta zauna a kai, ta girgiza, ta kasa kunne, sannan ta ce ya wuce ko bai wuce ba. Ni ke saran gora da hudawa da haɗawa, ita ke ɗauri. Shekara ashirin da bakwai muna haka.

Rumfa ta cika maƙil da kujeru da tebura, sun zuba min ido kamar ni na kawo ciwon. Mai motar da ke kwashe mana kaya zuwa birni ya kashe wayarsa. 'Ya'yanmu biyu suna can birnin, kulle ya rutsa da su. Kullum su ce lafiya lau, ni ma in ce lafiya lau, kowa ya san ɗan'uwansa ƙarya yake yi.

Rediyo ya ce a wanke hannu, na wanke. Ya ce kada a taɓa fuska, tun daga ranar hancina bai daina ƙaiƙayi ba. Ni matsoraci ne, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Jiya tari ɗaya na jiyo daga gidan maƙwabta, sai da na shige ɗaki na rufe taga.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe uku na rana

Malamin lafiya ya zo a kan babur, da takunkumi a fuska, ya tsaya can bakin rumfa bai ko miƙo hannu ba. Ya ce za a mayar da makarantar firamare wurin killace waɗanda ciwon ya kama. Gadajen ƙarfe ba su iso daga birni ba, kuma bai ga alamar za su iso ba.

"Malam, gado ashirin nake so, cikin kwana goma. Ladanka hatsi ne da mai, shi muke da shi. In ba za ka iya ba ka faɗa min yanzu, in haye rafi, akwai masu gora a can."

Na ji Sufeto ta yi gyaran murya daga bayan ƙofa. Na san ma'anar wannan gyaran muryar sarai, cewa take je ka duba kayanka tukuna. Amma buhun hatsinmu ya kusa kwanciya, kuma tunda nake ba a taɓa ɗauke aiki daga hannuna aka kai hayin rafi ba.

Na ce, "Zan iya."

Asabar, 6 ga wata, da hantsi

Na fito da busasshiyar gora duka na jera. Na lissafa sau uku. Gado goma sha bakwai za ta yi, ko an matse ta ba za ta ba da na sha takwas ba. Na zaga gidajen masu gora biyar da ke garin nan. Wasu sun yi shinge da tasu, wasu sun dafa abinci da ita, tunda ba mai saye.

Kawu, wanda ya koya min sana'ar, yana zaune gindin bishiya ƙofar gidansa. Ido ya tafi amma baki na nan daram. Ban gaya masa komai ba, tambaya kawai na yi, kamar cikin hira, wai ko akwai hanyar da gora za ta yi saurin nuna.

Ya ce, "Kwana arba'in a kududdufi, da duwatsu a kanta, zaƙinta ya fita. Sati uku a inuwa. Sannan wuta. Kai da ka yi furfura a rumfa kake tambayata?"

Na ce wasa nake.

Ya ce, "Ɗanyar gora ramewa take yi, ɗana. Yau ka ɗaure ta tamau, in ta bushe ta tsuke, ɗaurin ya zama awarwaro a hannun yarinya, huji ya tsage, ƙusar gora ta zame. Ba ta kuma yin sallama in za ta tafi."

Na ce na sani, Kawu. Na kuwa sani.

Talata, 9 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Gadaje sha ɗaya sun tashi. Yatsun Sufeto duk sun tsattsage, ta naɗe su da tsumma tana ci gaba.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yau da sassafe na gangara bakin rafi da adda. Ba zan rubuta abin da na je yi ba. Na dawo ta bayan gari, na hura wuta a bayan rumfa, na daɗe ina juyawa a kan hayaƙi har launi ya zo daidai da sauran. Wanda ba ɗan sana'a ba ba zai taɓa bambancewa ba.

Da na ajiye mata don ɗauri, ko minti ɗaya ba ta yi ba. Ta ɗaga sanda ɗaya ta ji nauyinta, ta ƙwanƙwasa da farce, ta kai hanci.

"Malam, wannan ɗanya ce."

Na ce uku ne kacal. Na ce gora ba ta ramewa kafin sati uku, ciwon nan kuwa rediyo ya ce sati biyu ne a ga bayansa. Kafin ta rame an rufe wurin, in karɓo su in sake. Na ce mata me za mu ci in aikin ya haye rafi. Na yi ta magana, ni kaina na ji maganar ta yi yawa.

Ta ce, "Marasa lafiya fa za su hau."

Na daka mata tsawa. Rabon da in yi mata tsawa har na manta. Ta jawo tsage, siraran ɓawon gorar da muke ɗauri da su, ta fara aiki. Na lura kowace gaɓa sau uku take zagaya ta maimakon biyu.

Litinin, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An kwashe su a amalanke, sahu biyar. Sufeto ta zauna a kan goma sha bakwai ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza, ta ce sun wuce. Da ta zo kan ukun sai ta ce tukunyarta na ƙonewa, ta shige gida.

A ƙofar makaranta babban ɗan Tela, mai ɗinkin garinmu, aka ɗauka gadi. Shi ya taya ni saukewa, har yana cewa, "Baba, wannan aiki sai ku. Ko ni sai in yi ciwon ƙarya in kwanta." Muka yi dariya. Malamin lafiya ya bubbuga biyu da hannu, ya yi godiya.

Sha bakwai da uku ashirin ne. Na cika alkawari.

Laraba, 17 ga wata, da safe

Mun ci mun ƙoshi. Gora ba ta ramewa kafin sati uku.

Lahadi, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Motar asibiti ta wuce ta gaban rumfa sau biyu yau. An kai mai shayi, an kai matar mai gyaran keke da ƙanwarta. Garin ya yi tsit, ko awaki kamar sun san dokar. In mutum ya hango ka daga nesa sai ya ɗaga hannu ya sauya hanya.

Hannuwana sun yi fari fat saboda sabulu. Sufeto ta ce in na ci gaba haka zan wanke zanen tafin hannuna, 'ya'yana su kasa gane ni. Wannan ce zolayar farko da ta yi min tun ranar Alhamis ɗin nan, har na ji daɗi.

Akwai guntun sanda da ya rage daga na bakin rafi. Na sa ta ɗaure min gaɓarsa irin ɗaurin gadajen, tun ranar, na rataye a rumfa. Kowace safiya nakan gwada shi da yatsa. Yau tamau yake.

Juma'a, 26 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Tamau. To, kusan tamau.

Litinin, 29 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Rediyo ya ƙara sati huɗu. Na kashe shi, na kunna, wai ko zai sauya magana.

Farcena yana shiga tsakanin ɗaurin da sandar. Jiya ba ya shiga.

Laraba, 31 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ɗaurin yana juyawa. Na murza shi da yatsa biyu ya zagaya sandar kamar zobe.

Na kasa zama, na tafi makaranta na tsaya bayan shinge kamar mai wucewa. Allah ya taimake ni da guda: na hango ɗaya daga cikin ukun a baranda, an jibga masa kwalayen magani. Na gane shi da ɗauri uku-uku. Kwali ba ya juyi, kwali ba ya tari. Saura biyu a ciki, ban san wa ke kansu ba.

Ɗan Tela ya hango ni ya ɗaga hannu. Ya ce mahaifinsa ma an kawo shi shekaranjiya, amma da sauƙi, har yana yi wa ma'aikata tsiya wai ɗinkin rigunansu bai yi ba. Ya ce, "Yana kan gadonku, Baba, ya ce ya fi na gidansa daɗi."

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na buɗe baki zan ƙara wata magana, sai na ji kaina ina tambayarsa ko an yi ruwa a gonarsu.

A gida Sufeto ta ce, "Ka je ka faɗa musu. Yau, ba gobe ba."

Na ce gobe. Wallahi da niyyar goben na faɗa.

Asabar, 3 ga sabon wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Gadon Tela ya karye.

Ya yunƙura ne zai tashi, ƙafar gefen kai ta zame, ya faɗo da ƙugu a kan siminti. Malamin lafiya da kansa ya zo ya gaya min. Ina ganin babur ɗinsa na riƙe turken rumfa. Ashe ba faɗa ya kawo ba. Cewa ya yi Tela mutum ne mai jiki, cikin ashirin a samu ɗaya ya gaza ai ba abin mamaki ba ne, ko zan iya gyarawa.

Ga ƙofa a buɗe. Kalma biyu ce kawai, akwai saura. Na dube shi, na tuna ɗan Tela da ƙarfinsa da 'yan'uwansa maza huɗu, na tuna sunana a bakin masu gora na hayin rafi.

Na ce, "Haka ne, Tela akwai jiki."

Sufeto tana bayan ƙofa. Wannan karon ko gyaran murya ba ta yi ba.

Lahadi, 4 ga wata, da rana

Na sauke guntun sandar na jefa a murhu. Bai ma kama da kyau ba, sai hayaƙi.

Laraba, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Tela ya rasu da safe. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mutum shida kawai aka bari suka raka shi, mu muka tsaya daga nesa.

Kowa cewa yake ciwon ne. Ciwon ne mana, ya kashe waɗanda ba su faɗo daga ko'ina ba. Mai shayi bai faɗo ba, ya tafi. Amma Tela har tsiya yake yi wa mutane kafin Asabar. Tun da ya faɗo bai sake zama ba, a kwance ƙirjin ya cika.

Ciwon ne. Shi ya ɗinka min rigar da na sa ranar ɗaurin aurena, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, shekara ashirin da bakwai ina tsokanarsa da ita. Ciwon ne.

Saura ɗaya a ciki.

Alhamis, 8 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Sufeto ta ce abincin jiya ba gishiri. Ita ta dafa, kuma gishiri har ya so ya yi yawa.

Juma'a, 9 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ba komai ba ne. Mura ce, tsagen da take jiƙawa ne ya sa mata sanyi. Na kai mata ruwa na ajiye a bakin ƙofa na ja da baya. Ta dube ni, ta dubi kofin, ta yi murmushi, ta rarrafo ta ɗauka. Matata ta rarrafo ta ɗauki ruwa ina tsaye ina kallo. Na tafi na wanke hannu, ina wankewa ina jin kunyar kaina, ban kuma daina wankewar ba.

Asabar, 10 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Sun tafi da ita.

Ita ta ce in kira su. Ta haɗa kayanta da kanta a ɗankwali, ta nuna min inda ta ajiye ashana da inda mai yake, kamar baƙo. Da za ta hau motar ta juyo, numfashinta sama-sama, ta ce, "Ajin maza ne ya karye, na baranda ka ce kwali ne. To ɗayan yana wajen mata ke nan."

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ni zan sani."

Ni an ce in zauna a gida sati biyu, kada in kusanci kowa. Wa zan kusanta?

Lahadi, 11 ga wata, da safe

Gidan ya yi min girma. Na dafa abu ya ƙone, na ci haka nan.

Yaran sun kira. Na ce tana barci.

Litinin, 12 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na karya doka, na bi ta gonaki na je bayan shingen makaranta. Tagogin ajin mata a rufe suke da labule. Na tsaya har ƙafata ta yi sanyi ina kasa kunne. Ni da kaina ban san me nake saurare ba, muryarta ko ƙarar gora. Duk wani ƙwas da na ji, ko reshe ne ya faɗo, sai gabana ya yanke ya faɗi.

Gadaje tara ne a ajin mata. Takwas lafiyayyu ne, na rantse da wannan. Mutum ɗaya cikin tara. Wataƙila ma babu kowa a kansa. Wataƙila wata 'yar siririya ce a kai.

Dubi abin da nake roƙo. Ina roƙon ya zama 'yar wani ce.

Talata, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na taɓa goshina sau nawa yau, ban sani ba. Ba zazzaɓi. Na haɗiye yawu in ji ko maƙogwaro na ciwo. Ba ya yi. Ina tsoron ya kama ni, ina kuma jin haushin ya tsallake ni ya ɗauke ta, ita da ta ce kada a yi.

Laraba, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kawu ya aiko a kira ni. Na tsaya nesa, ya ce in matso, shi ya gama tsoron mutuwa tun bara. Ban matsa ba.

Ya ce, "An kawo min guntun ƙafar gadon Tela. Yaron nan mai gadi ya kawo, wai in taɓa in gaya masa ko ƙwaro ne ya ci."

Na ce me ka ce masa, Kawu?

"Na ce masa idona ba ya gani." Ya murza sandarsa. "Hannuna kuwa yana gani, ɗana. Ban taɓa yin ƙarya a kan gora ba sai da na tsufa, kuma saboda kai. Tashi ka ba ni wuri."

Dama a tsaye nake. Na tafi.

Alhamis, 15 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Dole in rubuta wannan.

Na koma bayan shinge. Nas ɗin da ke kula da ajin mata ta fito zubar da ruwa, na yi mata sallama daga nesa, na ce ni ne mijin mai ɗaurin gora. Ta sauke bokiti. Yarinya ce mai kirki, gajiya duk ta cinye mata ido.

Ta ce, "Baba, zazzaɓin Mama yana sauka yana hawa, amma tana shan ruwa. Abu ɗaya ne ya dame mu. Ba ta motsi."

Na ce kamar yaya ba ta motsi?

"Tun ranar da ta zo. Mun ba ta gado kusa da ƙofa, ta ƙi. Ta bi gadajen tana shafa su ɗaya-ɗaya, ga ta da kyar take tsayuwa, har ta kai na ƙarshe jikin allo. Wata mai ciki ce a kai, wata bakwai. Mama ta ce lallai sai sun yi musanya, wai ita ba ta son iskar ƙofa. Muka biye mata. Tun da ta kwanta rigingine a tsakiyar gadon nan, kwana biyar ke nan, ko gefe ba ta juya ba. Mai wannan ciwon kuwa so ake ya riƙa juyawa, ya kwanta rubda ciki, ƙirji ya buɗe. Mun yi lallashi, mun yi faɗa. In muka zo juya ta sai ta riƙe hannunmu ta ce kada mu jingina da gadon. Tari ma danne shi take yi. Bayanta ya fara gyambo, Baba. Ko tana da wani ciwon baya ne da ba mu sani ba?"

Sufeto. Matar da in tana barci sai ta zagaye gado kamar hannun agogo. Shekara ashirin da bakwai ina shan ƙafa a haƙarƙari, ina farkawa in tarar da kanta a wajen ƙafafuna. Ita ce ta kwana biyar ba ta juya ba.

Ta san inda nauyi zai zauna gadon bai motsa ba. Ita ta ɗaure shi. Kuma ba za ta faɗa musu dalili ba, domin in ta faɗa, sunana ta faɗa, ɗan Tela kuma yana bakin ƙofa.

Nas ta ce, "Baba? Akwai?"

Na ce babu. Na ce ba ta da ciwon baya.

Har yanzu ban faɗa ba. Allah ka gani, har a nan ban faɗa ba. Na juyo gida ina tafe ina tuntuɓe.

Juma'a, 16 ga wata, ƙarfe shida na safe

Babu busasshiyar gora ko sanda ɗaya a garin nan. Wadda na jiƙa a kududdufi ba ta nuna ba, kuma ko za a yanka ni ba zan sake taɓa wadda ba ta nuna ba. Gado ɗaya na sani wanda ba ya ko ƙara, shi ne namu na ɗaka, wanda na kwana a kai. Na yaye shimfiɗa na fito da shi tsakar gida, na bi gaɓoɓinsa duka. Ko ɗaya bai saki ba.

An ce wanda ya shiga wurin ba ya fita sai bayan sati biyu, in ya fita. Ina tsoro. Ina tsoron iskar ɗakin, ina tsoron tarin, ina tsoron yaron nan da 'yan'uwansa. Na zaga bayan gida sau uku. Na sa littafin nan a aljihu. Na kira yaran na gaya musu gaskiyar inda uwarsu take, babbar ta yi ta kuka tana yi min faɗa, na ce ta yi, ta fi ni gaskiya.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma, ajin mata, bakin allo

Na ɗauko shi a ka, na bi ta tsakiyar gari, ban bi ta gonaki ba. Mutane na leƙowa ta taga.

Ɗan Tela ya tare ni da sanda. "Baba, ba a shiga. Ina za ka da gado?"

Na sauke. Na ce ya kira malamin lafiya, maganar ta su biyu ce. Da ya zo na faɗa, a tsaye, ban tsallake komai ba. Na ce uku na ɗanyar gora ne, ni na sare ta, ni na yi mata hayaƙi don kada a gane. Na ce matata ta hana ni na yi mata tsawa. Na ce na kan baranda ɗaya ne, wanda take kai ɗaya ne. Sai na dubi yaron na ce, na ukun shi ne na mahaifinka, ba jikinsa ba ne ya karya shi, ni ne.

Malamin lafiya ya dafe kai, ya ce, "Malam, na zo har rumfarka na tambaye ka." Na ce ka zo.

Na juya wajen yaron. Na ga hannunsa ya matse sandar har jijiyoyi sun tashi, na rufe ido ina jira. Sai na ji ƙarar sakata.

Ya ce, "Shiga ka sauke ta daga kai. Ita ba ta yi mana komai ba." Da na sunkuya zan ɗauki gadon ya ƙara da cewa, "In ka fito, ina nan. Ni da ƙannena."

Na ce na sani.

Ɗakin yana warin magani da zufa. Na wuce gadaje takwas ban dubi kowa ba. Tana can jikin allo, rigingine, hannuwa a miƙe a gefe, ta rame har na so in wuce ta. Na durƙusa na duba ƙasan gadon. Ƙusa biyu sun zame sun kusa fita, ɗaurin gefen kai yana lilo. Zagaye na ukun nan da ta ƙara, shi kaɗai ya riƙe.

Ta buɗe ido ta gan ni, ta ga abin da na ajiye. Muryarta da kyar take fita.

"Ka faɗa?"

Na ce na faɗa.

"Duka?"

Na ce duka, har da tsawar.

Ni da nas muka ɗaga ta. Da hannuna na ɗauke ta, ba tsumma ba komai, jikinta zafi rau. Muna ɗauke nauyinta gadon ya yi wata 'yar ƙara, ƙafa ɗaya ta baje, ya durƙusa a gabanmu. Mai cikin nan da ke bakin ƙofa ta dafe ciki ta yi salati.

Muka kwantar da ita a kan namu. Ta ɗan danna shi da gwiwar hannu, ta saurara. Sannan a hankali, tana cije leɓe saboda gyambon, ta juya ta kwanta a gefe, ta ba ni baya. Ta yi tari mai ƙarfi, irin wanda ta kwana shida tana dannewa, ta yi ta yi har hawaye, nas tana bubbuga mata kafaɗa tana cewa yawwa Mama, fito da shi.

Ba ta sake yi min magana ba. Zazzaɓin bai sauka ba, nas ta ce sai an ga kwana biyu nan gaba. An ba ni tabarma a ƙasa kusa da ita, an ba ni takunkumi. Maƙogwarona ya fara ɗan kartawa, ko tsoro ne ko shi ne, ban sani ba.

Tun da na fara rubutun nan ta juya sau huɗu. Ina ƙirgawa.